Wake da Masara a Ɗakin Laraba

Makon jiya na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin da aka ɗauka aiki, tana ce wa 'yar'uwarta wai aikin bin sawu ai yawo ne da laima. Ban tanka ba, don a lokacin hankalina yana kan ko na kashe risho kafin in fito daga gida. Amma maganar ta bi ni har ɗaki. Shi ya sa na karɓi biro a hannun 'yata Godiya, na ce bari in rubuta muku yadda aikin nan yake. Karatuna a aji biyar na firamare ya tsaya, inda kuka ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

Sunana Rifkatu, a unguwarmu ta Television kuwa Maman Godiya. Aikina shi ne in bi mutanen da suka shiga binciken barin giya gida-gida, in ga suna nan da ransu, in ga suna shan maganinsu, in tabbatar sun zo zama ranar Laraba. A baki gajere ne. A ƙafa ne yake da tsawo.

Abin ya faro ne lokacin da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Masu ba da tallafi na ƙasashen waje, da suka daɗe da juya mana baya, sai suka fara waiwayowa. Dakta Haruna, likitan wani ƙaramin asibiti a gefenmu, ya yi ta rubuta musu takardu har aka ba shi kuɗin bincike. Abin da yake son ganowa shi ne yadda magani tare da zaman tattaunawa na mako-mako za su taimaki mutum ya rabu da kwalba. Aka gyara wani ɗaki a bayan asibitin, aka sa benci shida da fanka mai kuka, ana dama kunu. Shi ne Ɗakin Laraba.

Maigidana Bitrus, wanda a lokacin yake aiki a wani kamfani a Kudenda, yana cikin waɗanda aka fara rubutawa. Ba zan ja maganar ba. Ku dai sani duk Laraba sai na rako shi har bakin ƙofa da goyona, saboda tsakanin gidanmu da asibitin akwai kwana uku, kuma kowace kwana akwai inda ake zama a sha.

A bakin ƙofar nan Mama Tabita ta tsince ni. Mama ta yi shekaru masu yawa tana dafa burukutu kafin ta fasa tukwanenta, don haka babu mashayin da ba ta san ƙofar gidansa da sunan uwarsa ba. Dakta ya ɗauke ta ta riƙa nemo masa mutane, amma gwiwa ta fara ba ta matsala. Ta dube ni ina leƙe ta taga, ta ce, “Ke 'yar nan, wuyanki bai gaji ba? To tunda kallo kika iya, gaya mini. Cikin waɗanda suka shiga yanzu, wa ya taɓa?”

Na ce, “Mai shuɗiyar riga, Mama.”

“Da me kika gane?”

“Sau biyu ya gaishe ni. Kuma ya ɗaga ƙafa ya tsallake kwatar nan kamar Kogin Kaduna ne.”

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, “Gobe ki zo da silifas mai ƙwari.”

To ga kayan aiki, tunda ku da jaka da takalmi mai tsini kuka zo. Silifas biyu: ɗaya a ƙafa, ɗaya a leda, don kwatocin Kudenda da damina ba sa mayar da abin da suka karɓa. Laima, ba don rana kawai ba, har da karnuka da agwagi. Leda mai kauri ta sa katin mutane, kuma a katin lamba ce, ba suna ba, ko da ya faɗi a kasuwa. Sai tsohon zani guda mai yagewa, zan gaya muku amfaninsa. Babban kayan aikina kuwa goyo ne. Mace da goyo tana shiga kowane gida ba wanda zai ce me ya kawo ta. Ni dai tsorona kullum kada yarinyar ta kwaso ƙyanda ko tari a gidajen mutane, har hula biyu nake sa mata a watan zafi, Mama tana cewa zan dafa ta.

Dokokin Mama biyu ne. Na ɗaya, ba a ambaton giya a ƙofar gida, ko a gaban yara, ko a gaban maƙwabta. Na biyu, mai bin sawu ba ta bin gidanta. Bitrus na Mama ne. Abin da ta gani a kansa ba ta gaya mini, ni ma ban isa in tambaya ba. Wannan doka ta biyu ta fi kwata da karnuka wuya.

Akwai Malam Iliya, tela a Makera, mutum mai fara'a da tsabta, shagonsa dab da masallaci. Shi kam in aka ji abin da yake kai shi Television ranar Laraba, ba ɗinki kawai zai rasa ba. To yaya mace irina za ta riƙa zuwa shagonsa duk mako ba a sa ido ba? Nan zanin yake shigowa. In yaga shi kaɗan a hanya, in shiga in ce, “Malam, ga shi ya sake.” Shi kuma ya ɗaga murya don na waje su ji, ya ce, “Maman Godiya, wai da ƙaya kike kwana ne?” Yana ɗinki muna magana ƙasa-ƙasa. Zanin nan ya sha ɗinki har zare ya fi yadi yawa a jikinsa. Wani maƙwabcinsa mai sayar da maɓalli ya taɓa kirana gefe ya ce in yi haƙuri, in Allah ya hore masa zai saya mini sabo.

A shagon nan na yi kuskurena na farko. Wata safiya na tarar yana ta fama da zare da allura, hannu na rawa, gumi na zuba. Na koma da sauri na ce wa Mama, Malam Iliya ya sha. Ta ce, “Ya ci abinci? Idonsa fa? Ya ce yana ganin wani abu?” Na ce ya ce wai tururuwa suna bin bango, ni kuma ban ga ko ɗaya ba. Mama ta miƙe da gwiwar nan tata kamar yarinya. Ta ce, “Ba sha ya yi ba, sakarya, dainawa ya yi gaba ɗaya a rana guda, jikin ne yake nema. Wannan yana kisa.” Muka ɗauko shi a acaɓa zuwa wurin Dakta, ya kwana uku a gado. Mutanen Makera har yau sun san zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi. Ku riƙe wannan: rawar hannu iri biyu ce, kuma ta rashin sha ta fi gaggawa.

Sauran alamomi da ƙafa ake koyonsu. Mutumin da bai saba cin goro ba ka same shi da jan baki da sassafe. Ƙamshin kanumfari ba ciwon haƙori. Magidancin da bai taɓa riƙe tsintsiya ba ka iske shi yana shara yana waƙa, matarsa kuwa tana daka kamar turmin ne ya yi mata laifi. Wurin da rediyo yake zama a kan tebur ya zama fili mai tsabta, ƙura ta zagaye shi.

Sai Baba Audu, tsohon mai gadi a Kudenda, wanda 'yan ɗakin suka zaɓa shugaba saboda ya fi kowa furfura da iya jawabi. Wata Talata na je gidansa, jikokinsa suka ce ya yi tafiya Kafanchan. Ina fitowa sai na ga silifas ɗinsa a jere a gindin mangwaro, an ajiye su da ladabi kamar a ƙofar coci. Na ɗaga kai. Ga Baba a kan reshe, ya rungume shi.

Na ce, “Baba, ina kwana? Ya Kafanchan?”

Ya ce, “Lafiya lau, 'yata. Dubawa nake ko sun nuna.”

“Baba, ko fure bai yi ba.”

“To ai shi ne na gani yanzu.”

Hawan ya yi da ƙarfin abin da ya sha, saukowa kuma abin ya sake shi. Sai da aka aro tsani.

Yanzu ga inda matsalar take. Ƙarshen kowane wata Dakta yana kiran 'yan ɗakin ɗaya bayan ɗaya ya cike fom. Tambaya ta farko: ka sha a watan nan? Kowa amsarsa ɗaya: “Haba Dakta! Bayan duk ɗawainiyar nan?” Kada ku ce maƙaryata ne. Ku duba ta wajensu. Mutum ya ba ka magani kyauta, ya ba ka kunu, ya kira ka Malam ko Baba a lokacin da yaran unguwa suke bin ka da waƙa. Da wane ido za ka dube shi ka ce wahalarsa ba ta yi aiki ba? A wurinmu wannan rashin kunya ne. Ko miya aka ba ka ba gishiri, cewa kake ta yi daɗi.

Na gaya wa Dakta zancen mangwaro. Ya yi dariya, sannan ya nuna mini fom ɗin, ya ce, “Maman Godiya, takardar nan abin da mutum ya faɗa da bakinsa take karɓa. Duba, babu gurbin silifas.” Gaskiya babu. Kuma ina jin shi ma amsar tana yi masa daɗi, ɗan Adam ne.

Shekara ta biyu ita ce mummunar shekara. Kamfanoni suka fara sallamar ma'aikata, yau a ce wannan sashe, gobe wancan. Bitrus ya dawo wata rana da takalmin aikinsa a leda. Maza suka cika gindin bishiyoyi tun hantsi, gidajen burukutu suka ƙara benci. Ni da Mama muna ganin abin da muke gani. Amma a fayil ɗin Dakta, kowa ya daina, tas, babu ko mutum ɗaya da ya zame. Haka ya haɗa rahoto ya aika, har ya saya mana lemo.

Amsar da ta dawo ba ta lemo ba ce. Dakta ya karanta mana ita yana share gumi. Masu tallafin suka ce ba su taɓa jin inda kowa da kowa ya daina a lokaci guda ba, don haka ba su yarda da takardun ba. Za su turo mutum ya gani da idonsa. Idan ya tarar abin da aka rubuta ba shi ne a ƙasa ba, kuma ba a iya gyarawa ba, an rufe. Kafin nan kuma babu sabon kuɗi.

Kunu ya fara tsinkewa har kana ganin gindin kofi. Kwalin magani ya yi ƙasa. Ni abin da yake hana ni cin abinci ɗaya ne. Mutumin da ba shi da aiki, abu guda ya rage masa a mako da yake yi wa wanka ya sa riga mai guga, shi ne Laraba. In aka rufe ɗakin nan, na san bencin da Bitrus zai koma, na san ma gefen da yake zama.

Dakta ya tara 'yan ɗakin ya roƙe su. Ya ce don Allah in baƙon ya zo a faɗi gaskiya, wanda ya zame ya ce ya zame, ba laifi ba ne, ciwon haka yake. Suka yi ta gyaɗa kai. Baba Audu ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, “Dakta, ka kwantar da hankalinka. Mun gane. So suke su kunyata ka. Wallahi ba za mu bari ba. In ya zo, kowa zai rantse masa ko shinshinawa ba mu yi ba.” Aka tafa. Dakta ya zauna ya riƙe kai. Kafin a tashi har sun naɗa kwamitin waƙar tarbar baƙo.

Ana saura kwana biyu baƙon ya zo ina zaune a gidan Mama tana tsince wake a tire, ina ta lissafa mata abubuwan da za su faru in an rufe, har na kai inda Godiya ta girma ba ta yi makaranta ba. Mama ta ce in yi mata shiru. Ina kallon waken sai na tuna ranar zaɓen da ya kawo farar hula. Layinmu kaf mun yi wa wani ɗan takara alkawari, mun ci shinkafarsa, mun sa hularsa. Da aka shiga bayan labule aka fito aka ƙirga, ƙuri'a uku ya samu, kuma kowa ya rantse yana cikin ukun. Na ce, “Mama, mutanen nan ba za su faɗa a gaban idon Dakta ba. A bayan labule fa?”

Muka kai wa Dakta maganar. Ya ce, “Mama, wannan ai ba kimiyya ba ce.”

Mama ta ce, “Kimiyyarka ta ce Audu bai sha ba. Ni kuma shekaranjiya da hannuna na zaro shi daga kwata.”

Ya ce a ajiye dabarar a gefe, sai in komai ya ƙi.

Ranar Laraba aka share ɗaki, aka aro kujera mai laushi. Kowa Bature yake jira a farar mota. Sai ga wata 'yar tsohuwa gajeriya da tabarau ta sauka daga acaɓa, ta yi sallama da Hausa garau, ta wuce kujerar ta zauna a bencin baya kusa da ni. Har na ce mata, “Mama, mijinki ne a ciki ko ɗanki?” Ta ce, “A'a, ni aka turo.” Na ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Dakta ya ce Farfesa ce, mu dai Madam muka kira ta.

Aka yi waƙa. Baba Audu ya yi jawabi, ya ce tun ranar da ya haɗiyi maganin Dakta ko warin burukutu ya ji sai amai. Mutum goma sha tara ne a ɗakin, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi da kwalba sai a lahira, can ma ba zai gaishe ta ba. Ni ba su nake kallo ba, hannun Madam nake kallo. A mutum na biyar ta daina rubutu. A na goma ta rufe biro. A na ƙarshe ta sa littafin a jaka ta ja zif.

Na dubi Dakta, Dakta ya dubi Mama, Mama ta ce, “Rifkatu, kawo zanin.”

Muka ɗaure shi a kusurwar ɗaki, daga taga zuwa ƙusar kalanda. A bayansa muka ajiye gwangwanin madara da aka huda murfinsa. Na sa tsumma a gindin gwangwanin, don ƙarar wake daban take da ta masara, kuma na san kunnuwan mutanena. Mama ta bi su tana sa wa kowa ƙwaya biyu a tafin hannu, wake ɗaya, masara ɗaya. Ta ce, “Zaɓe za a yi. Wanda bai sha ba a watan nan ya jefa masara. Wanda ya sha ya jefa wake. Ɗayar ka sa a aljihu. Ba mai ganin ka sai Wanda ya halicce ka, Shi kuwa dama ya sani.”

Wani ya ce zanin ya tsufa, za a hango. Malam Iliya ya ce, “Kai, ni na ɗinke zanin nan da hannuna ya fi sau talatin. Ko sauro ba zai leƙa ba.” Baba Audu ya ce shi bai yarda da zaɓen da ba a shafa wa mutum tawada a yatsa ba, aka kawo biron Dakta aka yi masa ɗigo. Suka yi layi suna dariya, amma na lura duk wanda ya shiga, dariyar a waje yake barin ta. Da layi ya zo kan Bitrus na juya baya na hau gyara wa Godiya hula, hular da ba abin da ya same ta.

Mama ta juye gwangwanin a kan teburin Dakta. Madam ta matso. Aka ware. Masara bakwai. Wake ashirin da ɗaya.

Kowa ya hau lissafi da yatsu. Sai wani daga baya ya yi ihu, “Maguɗi! Mu goma sha tara ne!” Nan fa wuri ya kaure. Wannan ya ce aringizo aka yi, wancan ya ce a soke a sake, wani ya ce dama bai yarda da hukumar zaɓen ba, yana nuna ni. Na leƙa bayan zani, sai ga dalili: a gaggauce mun bar ledar waken Mama a ƙasa, a buɗe.

Baba Audu ya fi kowa ɗaga murya da farko. Can sai na ga ya tsaya yana kallon tulin waken nan. Ya cire hula. Ya ce, “Jama'a, ku saurara. Ba maguɗi ba ne.” Ya juya wajen Dakta, amma ƙasa yake kallo. “Dakta, huɗu nawa ne. Na jefa ɗaya, na ga bai ɗauki abin da na yi ba, na ƙara uku. Ka yafe mini. Na ɗauka ni kaɗai ne na ci amanarka.”

Malam Iliya ya ce a hankali, “Biyu nawa ne.”

Wani ya ce, “Kai Malam, har da kai? Ni da nake ɓuya in na hango ka, don kada ka ji wari!”

“Ni ma ai kai nake gudu.”

Dariyar da aka yi a ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba, wasu suna yi suna share ido. Wata da watanni kowa yana zaune kusa da ɗan'uwansa yana ganin shi kaɗai ne lalatacce a cikin tsarkaka. Dakta ya ce, “Baba, ba amanata ka ci ba. Da ka faɗa mini tun a na farko, da wataƙila ba a kai na huɗu ba.”

Sai na ji zif. Madam ta fito da littafinta. Ta tambaya ko masu masara za su yarda su faɗi abin da ya riƙe su a shekara irin wannan, masu wake kuma su faɗi ranar da abin ya faru da abin da ya jawo. Ta ce wannan ne abin da aka turo ta nema, don da shi za a san inda za a gyara. Ranar har la'asar Dakta yana cike sababbin fom, ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a rufe. Bitrus bai ce komai ba a cikin taro. Ya shiga wurin Dakta kamar kowa, ya fito kamar kowa, ya karɓi Godiya ya ɗora a wuya muka tafi gida.

Kuɗin bai zo washegari ba, kada ku ɗauka. Mun yi wata huɗu muna haɗa gero da kanmu don kunu, ni kuma duk acaɓar da ta tsaya a ƙofar asibiti sai na leƙa. Amma ya zo. Sabon fom ɗin da aka buga, wanda kuke riƙe da shi yanzu, ku duba shafi na biyu daga ƙasa, akwai wurin da aka rubuta abin da mai bin sawu ta gani. Gurbin silifas ke nan. Zaɓen wake kuwa 'yan ɗakin suka ce a bar musu shi duk ƙarshen wata, kafin a shiga wurin Dakta. Ledar dai yanzu a hannuna take zama.

Saura abu ɗaya, shi ma cikin aikin yake. Asabar ɗin da ta biyo bayan zuwan Madam ina wanki, na sa hannu a aljihun rigar Bitrus, na taɓo ƙwaya. Masara ce. Wato waken ya jefa.

Na daɗe a tsugune a gaban bokiti. Na san Bitrus. Mutum ne da ko tsinken ashana ba ya mantawa a aljihu, kafin ya ba da wanki sai ya zazzage riga kamar mai neman kunama. Bai manta ba. Barin ta ya yi.

Dokar Mama ta ce ba na bin gidana, don haka ban bi ba. Na wanke rigar, na goge ta, na rataye a inda yake ɗauka. Ban ce ba, bai ce ba. Ranar Laraba kafin in gama ɗaura goyo ya riga ni fita.

Ƙarshen watan da ya biyo na sa hannu a aljihun nan ido a rufe. Wake.

Tun daga lokacin duk wata akwai ƙwaya ɗaya a aljihun hagu. Ina da kwalabe biyu a bayan kwanuka. Ta masara ba ta rufe gindi ba, rabon da in jefa mata wani abu tun kafin a haifi ƙanin Godiya. Ta wake ta kusa rabi. Kwanaki Godiya ta gano ta, ta ce, “Mama, ga wake nan kina cewa babu, a yi mana alale mana.” Babanta yana zaune yana gyaran rediyo, bai ɗago ba, ya ce, “Ajiye mata kayanta. Wannan ba na ci ba ne.”

Gobe ƙarfe bakwai za mu shiga Kudenda, kuma an yi ruwa. Wadda ta ce yawo da laima ne, ita za ta riƙe laimar. Ku zo da silifas biyu.